Kwikwiyon Ridwanu: Allurar Ƙarƙashin Randa

Shafi na 17

Ku da kuka hana wayata hutawa tun jiya, ku sassauta, ga shi. Wanda yau ya fara shigowa kuma, ga inda muke. Ridwanu, autan Malam Sabo na Sae Sabuwa, ya gama karatun kiwon dabbobi ya dawo gida da ɗan kwikwiyo irin wanda ake kira Labrado, kyautar wata likita da ta bar aiki a Maradi. Sunansa Zuma. Yau kwana huɗu da Zuma ya ciji Balki, ɗiyar yayarsa Safina, a hannu wajen wasa.

*

Da hantsi Ridwanu na tsugune bakin madafa yana haɗa abincin Zuma. Tuwon jiya ya marmasa, ya zuba madara, ya murje busasshen kifi ya tsince ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sau uku a yini yake wannan aikin tun da ya kawo karen, da awo, da lokaci, kamar mai ba jariri magani.

Kwanon daren jiya yana nan bayan rumbu yadda ya ajiye shi, ƙudaje sun rufe. Ya gaya wa kansa fushi ne. Karen da ya saba yawo an ɗaure shi kwana huɗu, ai dole ya yi yaji.

"Salamu alaikum. Ɗan lakol yana ciki?"

Buba ne, Bafillacen da ya shekara talatin yana kiwon shanun gidan. Ɗan lakol, wato ɗan boko, haka yake kiran Ridwanu. Shi ba a yi masa iso. Ya shigo tsakar gida, ya tsaya kusa da Malam Sabo da ke zaune gindin bishiyar bedi yana tufkar igiya.

Ridwanu ya miƙe yana share hannu.

"Baffa Buba, yau ba nono, ba doguwar gaisuwa? Ina gajiya? Ina shanu?"

"Shanu sai godiya. Ɗaya ya ragu."

"Subhanallahi. Wanne?"

"Maraƙin nan ja, mai farin goshi. Wanda karen daji ya kama a tafki." Ya ɗaga ido ya dube shi. "Ranar da ya kama naka."

Safina na daka gero a gefen rijiya. Taɓaryar ta tsaya a sama.

Ridwanu ya rage murya. "Baffa, mu fita waje."

"Na fita waje da kai sau ɗaya. Ka ce in rufe baki, na rufe. Yau bakin ya gaji."

Malam Sabo ya ajiye igiyar. "Buba, zauna. Mi ya faru?"

"Useni, Malam, ka yi mani gafara, tsaye zan faɗi. Kwana uku maraƙin yana kuka da murya ba tashi ba. Yawu har ƙasa. In na kai mishi ruwa ya sa baki, ba ya wucewa. Jiya ya dinga buga kai ga icce har goshin ya fashe. Da asuba ya mutu. Ni na san wannan mutuwa. Na gan ta ga shanun babana."

Safina ta jingine taɓaryar ta matso.

"Wane kare? Wane tafki?"

Ta juya kan ƙanenta.

"Ridwanu, da kai nike. Wane kare?"

Buba ne ya ba ta amsa. Kwana ashirin da biyu da suka wuce, Ridwanu ya kai Zuma tafkin yamma yana koya masa ɗauko abu daga cikin ruwa. Shanu na sha a gefe. Sai ga wani ramammen kare ya fito daga cikin karan gero, ba haushi, ba tsoron mutane. Ya cafki maraƙin a hanci, ya juyo ya kama Zuma a kunne. Buba ya bi shi da sanda ya kashe.

"Nan take na ce mishi, ɗan lakol, ɗaure naka. Mu a ruga, karen da mahaukaci ya taɓa, bayan garke ake kai shi, a ɗaure kwana arba'in. Abinci da dogon icce ake tura mishi. Yaro ba ya zuwa wurin." Buba ya girgiza kai. "Ya yi mani dariya. Ya ce wannan dabarar mutanen da ce, nashi yana da pikir, allurar rigakafi."

"Ƙaya," in ji Safina a hankali. "Ka ce mani ƙaya ta yage mishi kunne."

"Yaya, ki saurare ni."

"Ƙaya ka ce!"

"Yana da allura!" Ridwanu ya zura hannu aljihu ya fiddo ɗan karne, katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, ya buɗe yana nuna mata. "Ga shi nan a rubuce. Ranar da ya cika wata uku na yi masa, da hannuna. Maraƙi ba shi da allura, Zuma yana da ita. Ba ɗaya suke ba. Ku daina haɗa abin da kuka sani da abin da ba ku sani ba."

"Ni ban iya karatu ba, ka mayar da takardarka." Ta ture hannunsa. "Amma ina da tunani. Ranar da ya cije ta, mi na yi? Faɗi gaban Baba."

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Mayafina na ɗauka. Na goya ta, ƙatuwa da ita, na ce mu tahi gidan likita. Wa ya koya mani haka? Kai. Kai ka tsaya bakin kasuwa ranar Laraba kana ɗaga hannu, kana ce ma mutane cizon kare ba a kwana da shi. Na ji, na riƙe. Rana guda da na tashi aiki da maganarka, kai ka tare mani ƙofa."

"Na ce miki haƙoran wasa ne. Kwikwiyo in yana canjin haƙora komai ya samu..."

"Ka ce in zauna."

"Na wanke mata da sabulu, Yaya. Minti goma sha biyar cur ina wankewa, yadda littafi ya ce."

"To. Bayan sabulun, littahin ya ce a zauna gida?"

Littafin bai ce haka ba. Ridwanu ya san shafin, ya san layin, har jan biro ya taɓa ja a ƙarƙashinsa.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan, jama'a. Kullum muna kuka da masu cewa Allah ya tsare su koma su kishingiɗa, kuma za mu ci gaba da kuka da su. Amma wanda bai sani ba ya zauna, da wanda ya sani ya zaunar da wani, ba a ma'auni ɗaya suke ba. Ridwanu ya san abin da zai biyo baya in an je gidan likita. Majo, babban ma'aikacin wurin, zai tambayi tarihin karen. Labarin tafki zai fito. Kafin magariba gari ya ɗauka cewa karen ɗan lakol, wanda ake wa wanka da sabulu mai ƙamshi, ya haɗu da mahaukaci. Da Zuma ya sha sanda, shi kuma ya sha dariya. Ya auna wannan, ya auna 'yar hudar da ke bayan hannun Balki, ya ga hudar ƙarama ce.

Labulen ɗakin tsakiya ya motsa. Inna Hasiya, mahaifiyarsu, ta fito riƙe da faifai, ta tsaya bakin ƙofa. Duk abin da aka faɗa ta ji.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Allurar nan da kake faɗi. 'Yar kwalbar nan ce da ka turbuɗe ƙarƙashin randata?"

Wannan ma bai taɓa gaya wa kowa ba.

A Maradi ya sayo allurar, ya saka ta cikin kula da ƙanƙara. Motarsu ta lalace a tsakiyar daji, suka yini bakin hanya, ƙanƙarar ta zama ruwa. Ya iso gida ya tarar firigon mai shago ba wuta. Ga shi kuma Zuma na zawo, kuma ba a yi wa dabba marar lafiya rigakafi. Sai ya tona jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, inda Inna ke ajiye goronta, ya binne kwalbar. Kwana uku ta yi a nan kafin ya yi allurar. Duk lokacin da abin ya taso masa sai ya ce wa zuciyarsa ai wurin da sanyi, goro ma sati yake yi bai bushe ba.

"Ita ce, Inna. Wurin da sanyi, babu abin da..."

"Ranar Juma'a na wanke randar."

Ya dube ta.

"Na canza yashin. Na ga kwalba, na ce ta Auta ce, kada ta ɓace. Na ɗora ta bisa kwanon akurkin kaji." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin faifan. "Anka yi baƙi, na manta. Sai bayan la'asar na tuna. Da na ɗauko ta sai da na sake, don ta ƙona mani yatsu. Na mayar da ita inda take, na yayyafa ruwa."

Karnen ya suɓuce daga hannunsa ya faɗi cikin dussa. Wata kaza ta matso ta tsattsage shi sau biyu, ta ga ba abinci ba ne, ta wuce.

Tun safe har la'asar a kan kwanon rufi, cikin ranar Sae Sabuwa. Ruwa ya ɗura wa Zuma a ƙarƙashin fata, ruwan banza, sannan ya zauna ya rubuta kwanan wata ya sa hannu.

"Inna! Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na zo in gaya maka."

"Yaushe?"

"Ranar. Na isko ka nan inda kake tsaye, kana ma yayarka faɗa don ta jefa ma karen ƙashin kaza. Ka ce gidan nan ba wanda ke da kai. Ka ce in kare ya mutu jahilcinmu ya kashe shi." Muryarta ba ta tashi ba. "Sai na koma ɗaki. Kai ana gaya maka magana, Auta? Tun da ka dawo daga lakol kowa ya koyi yin shiru. Har babanku."

Malam Sabo bai musa ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Buba, ara mani sandarka. Safina, ɗauko almakashi. A yanko gashin wutsiyarshi tukuna, a ƙona, a shafa ma yarinyar a ciwon. Sannan in gama da shi."

Ridwanu ya fusata. Ya buɗe baki, kalmar da ya saba jifan su da ita na kan harshensa. Ya dubi Inna. Ya haɗiye ta. Sai ya durƙusa gaban mahaifinsa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Baba, don Allah. Tokar gashi ba ta tare wannan ciwon. Allura ce kawai, kuma yau, ba gobe ba. In babu a nan, a wuce da ita Maradi. Muddin ciwon bai nuna a jikinta ba akwai sauran hanya. In ya nuna, babu likitan da zai iya komai."

Safina ta dafe ƙirji ta zauna kan turmi.

"Shi kuma kada a kashe shi. Karen da ya ciji mutum tsaronsa ake yi kwana goma. In ya cika goma lafiya lau, to ranar da ya yi cizon babu cuta a yawunsa, hankalinmu ya kwanta. Huɗu sun wuce, saura shida. In kun kashe shi yau, mun rufe bakin da zai gaya mana."

"Ɗazu karne, yanzu kwana goma," in ji Malam Sabo. "Wace maganarka za mu kama?"

"Wannan gaskiya ce, Baba."

"Waccan ma da rantsuwa ka faɗe ta. Dube ni. Don yarinyar kake roƙo, ko don karen?"

Ridwanu ya ɗago ya dube shi.

"Kwana huɗun nan don karen ne. Da don kaina. Yau don ita."

Buba ya gyara tsayuwa, ya ƙi miƙa sandar. "Malam, nan ɗan lakol bai yi ƙarya ba. Ɗaurewa ake, a gani. Abin da na ce tun a tafki ke nan, shi dai ya rage kwanakin."

"Zan tayar da moto," in ji Ridwanu yana miƙewa. "Yaya, ki shirya ta."

"Ɗiyata ba ta hawa bayanka."

"Yaya..."

"Baffa, useni, yadda kuke cewa. Kira mani Dikko mai kabu-kabu."

Buba ya fita da sauri.

Safina ta shiga ɗaki ta fito da Balki, tana zura mata rigar sallah. Shekararta shida, ta yi giɓi a gaba. Bayan hannunta na dama naɗe da farin ƙyalle. A hannun hagu tana riƙe da ƙwallon tsumma, wanda ta ɗinka da kanta daga tsohon zanen Inna.

"Maradi za mu? Ni da ke? Yau?" Ta yi tsalle. Sai ta ga fuskokin manya, ta tsaya. Ta matso kusa da Ridwanu ta ja rigarsa. "Kawu, faɗa anka yi maka? Ba laihin Zuma ba ne. Ni na ɓoye ƙwallon a bayana ina tsokanarshi."

Ya kasa dubanta.

Ita ta raɗa wa karen suna, ranar da aka sauke shi daga kwali, ta ce kalarsa kamar zumar da Baffa Buba ke kawowa. Ita ke riƙe ƙuliƙulin lada lokacin da Ridwanu ke koya masa zauna, da kwanta, da zo. In ya yi fitsari a ɗaki Ridwanu ya fusata, ita ke cewa ai yaro ne. Kawo kuwa ba a sha wahalar koya masa ba, da ita aka haife shi. Takalmi, murfin kwano, hular Buba, duk abin da ya faɗi ƙasa sai ya ɗauko ya kawo yana kaɗa wutsiya. Ya taɓa ɗauko ƙwan zabuwa daga bayan rumbu har gaban Inna, ya ajiye, ko tsagewa bai yi ba. Ridwanu ya yi sati yana ba da labarin a majalisa, yana cewa irin su laushin baki gare su.

Karen da bai fasa ƙwai ba, shi ya huda hannun yarinya har jini. Tun a ranar wannan tunanin ya zo masa. Ya kore shi.

"Zan yi mishi sai an jima," in ji Balki.

"Ba inda za ki." Safina ta fizgo ta.

Malam Sabo ya miƙa hannu ya karɓi ƙwallon daga hannun jikarsa, ya juya shi, ya cilla wa ɗansa.

"Ka ce kwana shida. Kafin in yarda in kwana da shi cikin gidana, nuna mani lafiyarshi. Abin nan da kake tara mutane kana yi, yi shi yanzu."

Suka zagaya bayan rumbu. Malam Sabo a gaba, Inna a bayansa, Safina can nesa ta riƙe Balki gam a jikinta.

Zuma na kwance a lungun da ya fi duhu, ƙarƙashin rumbun, igiyar ta miƙe daga turke. Da can, ƙarar takalmin Ridwanu kaɗai ke sa shi tashi yana tsalle har igiya ta shaƙe shi. Yau bai fito ba.

"Zuma."

Wutsiyar ta bugi ƙasa sau ɗaya.

"Kun gani? Ya san muryata. Zuma, zo. Zo, yaron kirki."

Ya jawo jiki ya fito. Ƙafafunsa na baya suka ɗan harɗe, ya gyara. Ya tsaya cikin rana yana ƙifta ido.

"Kwanciya ce ta yi masa yawa," in ji Ridwanu, ba tare da an tambaye shi ba.

Ya ɗaga ƙwallon, ya nuna masa, ya mirgina shi a hankali inda igiya za ta kai.

"Kawo."

Zuma ya bi shi. Wallahi ya bi shi, yana tangaɗi, kunnen nan mai tabo na lilo. Ya isa, ya sunkuya, ya sa baki.

Ƙwallon ya mirgine.

Ya sake bi, ya sake sa baki. Ya tura shi da hanci, ya tare da ƙafa, ya kifa kansa a kai. Ƙwallon ya jiƙe sharkaf, amma bai tashi daga ƙasa ba.

Sai ya ɗago ya dubi Ridwanu, yana kaɗa wutsiya a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Haɓarsa ta ƙasa a sake take, tana reto. Yawu na zuba ta gefe biyu, igiya-igiya, har kan ƙafafunsa.

Inna ta ce, "Innalillahi."

A ƙofar gida Dikko ya danna odar babur, ya sake dannawa.

Balki ta leƙo ta ƙarƙashin hannun uwarta.

"Kawu, mi ya sa ba ya rufe bakinshi?"